Baba Mai Jirgi da Jan Layin da Ya Bar Mana



Duk shekara idan ranar tunawa da kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan ware shafi mu waiwayi baya. Mun taɓa kawo tarihin adashinmu na farko, mun kawo labarin yadda muka sayi injin niƙa. Bana da kwamiti ya zauna, baki ya zo ɗaya cewa a bar wa namiji shafin. Wata za ta ce, ƙungiyar mata, me ya kawo namiji? To, duk wadda ta taɓa sauke kwandon bandar kifi ko buhun albasa a bakin ruwan Yelwa ta san amsa. Bawan Allahn nan bai taɓa zuba ko sisi a adashinmu ba, sunansa ba ya cikin rajista, amma a shekarunmu na farko babu kuɗin da ya shiga asusunmu wanda bai fara ratso ruwa a cikin jirginsa ba. Allah Ya karɓi abinSa bayan taronmu na bara.

Ba za mu kama sunansa ba. Uwargidansa, Inna, tana cikin iyayen da suka kafa ƙungiyar nan, biyu daga cikinmu surukansa ne, sauranmu kuwa 'ya'ya ya ɗauke mu. Baba Mai Jirgi muke ce masa yana raye, haka za mu ci gaba da kiransa. Abin da za ku karanta mun tattaro shi ne daga bakin Inna, da 'ya'yansa, da tsofaffin abokan tuƙinsa, da kuma hirar da shi kansa ya sha yi mana muna tsakiyar ruwa.

Ɗan gungu

Yaranmu na yanzu sun buɗe ido sun ga ruwa shimfiɗe kamar ba shi da iyaka, suna zaton haka Allah Ya halicce shi. A'a. Lokacin da aka haifi Baba, Kwara kogi ne mai gudu, cike da duwatsu da tsibirai, waɗanda mu nan muke kira gungu. Daga nan sunan Gungawa ya samo asali, su da suke kiran kansu Reshe. Suna zaune tare da Sarkawa masunta, ga Kambari a tudu suna noma. A ɗaya daga cikin gungunan nan aka yanke cibiyar Baba.

Ruwa biyu kogin ke kawowa a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda ruwan saman yankinmu ke kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can, sai da sanyi yake iso mana, garau da shi. Wannan ruwa na biyu shi ya sa mutanen gungu suke noman rani tun kafin a san kalmar a rediyo, shi ya sa albasar Yauri ta yi suna.

A gungu jirgi shi ne ƙafa. Da shi ake zuwa gona, da shi ake zuwa kasuwa, da shi ake kai amarya. Kowane yaro yana iya riƙe filafili kafin ya fara famfara, saboda haka iya tuƙi ba abin yabo ba ne. Sai dai na Baba ya wuce na buƙata. Son jirgi Allah Ya sa masa. Ana tura shi ban ruwan albasa, sai a tsince shi tsugune wajen masassaƙa yana kallon yadda ake fafe gungumen maɗaci. Ya sha bulala a kan haka, bai daina ba. Shi da bakinsa ya ce mana jirginsa na farko da wuƙar mahaifiyarsa ya sassaƙa shi, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, kuma ranar da ya sa shi a ruwa ya ga bai kife ba, ko tuwon dare kasa ci ya yi don murna.

Yana son ba da labarin Mungo Park, Baturen da ya biyo kogin nan daga yamma, ya rabu da ɗan jagoransa a ƙasar Yauri, ya ci gaba, jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa aka far masa, ya halaka a ruwa a shekarar 1806. A 1830 wasu 'yan uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo har Yauri suna neman takardun da ya bari, daga baya suka bi kogin har inda ya faɗa teku. Idan Baba ya kai ƙarshen labarin sai ya ce, "Kun ji ko? Mutum ya taho tun daga Mali lafiya, yana sallamar jagora sai ruwa ya nuna masa shi baƙo ne."

Shekarar da ruwa ya hau

A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji don samar da wutar lantarki. A 1968 aka gama aka tare ruwan, zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur. Ruwa ya fara ja da baya yana cika ƙasa har ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Mutum sama da dubu 40 aka tasa daga gidajensu. Tsohon garin Busa ya nutse aka gina sabo, babban gungun Foge ruwa ya ci mafi yawansa, ƙananan gungu kuwa da dama ko alamarsu ba a sake gani ba. An gina wa mutane sababbin ƙauyuka a tudu, gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi, irin waɗanda har yau wasunmu ke ciki.

Baba a lokacin ango ne. Inna ta ce ko lallen hannunta bai gama fita ba aka ce a tashi. Kwana da kwanaki yana jigilar mutanen gungunsu: turame, tukwane, kaji a akurki, awaki a ɗaure, tsofaffin da ba sa iya tafiya. A sahun ƙarshe ya ɗauko mahaifiyarsa da amaryarsa da kayan ɗakinta. An gama lodi, sai tsohuwa ta ce ita fa ba inda za ta ba tare da dutsen niƙanta ba, wanda ta gada wajen uwarta. Baba ya dubi bakin jirgi, ya dubi ruwa, ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, jirgi ya ƙoshi." Ta yi faɗa, ta yi kuka, har ta ce ya fifita kayan amarya a kan na uwarsa. Bai ce uffan ba. Ya kai su tudu, ya juyo shi kaɗai, ya ɗauko dutsen da ɗansa, ya isa gida bayan isha'i hannunsa duk ya yi kanta. Dutsen yana nan a tsakar gidan Inna, duk mai son gani ta je ta gani.

Wani abu kuma da ya yi a watannin nan, mutane sun ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa masa kai. Kullum da safe sai ya shiga jirgi ya yi ta zagaya wuraren da ruwa ke haɗiyewa. Yana tsayawa kan kowace kuka da ɗorawa da giginya, yana auna ta da wani dutse ko tudu da ke gaɓa, yana magana shi kaɗai. An sare daji a wasu wurare kafin ruwa ya zo, amma itatuwa da yawa a tsaye ruwa ya rufe su. Da shekaru suka tafi, rassansu suka ruɓe, kututturan suka rage a ƙasa kamar masu. Tafkin kuma ba ya zama wuri ɗaya: yakan ja baya sosai kafin farin ruwa ya iso, sannan ya sake cika. Kututturen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya da sanyi, shi ne zai fasa masa ciki da bazara. Ashe abin da Baba ke haddacewa ke nan. Ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan nan kaf tana kansa, da gonakinta da hanyoyinta da maƙabartunta. Muna tafe sai ka ji ya ce, "Yanzu muna kan gonar kawuna," ya ɗan karkata hagu. In ka leƙa, wani lokacin sai ka hango baƙin abu yana wucewa ta gefenka.

Zamanin inji, da mafarinmu

Shekarun farko na tafkin kifi ya yi albarka ƙwarai, musamman faliya, ga giwan ruwa da karfasa da kurungu da tarwaɗa. Masunta suka yi ta zuwa daga nesa suna kafa tunga a gaɓa. Daga baya kamun ya ragu, amma kasuwar banda ta riga ta kafu, ana lodinta zuwa kudu, har Anacha da Legas. Jirgin da aka fafe daga gungume ɗaya bai iya da faɗin tafki da igiyarsa ba, sai manyan jiragen katako suka shigo, aka ɗaura musu inji a baya.

Baba ya daɗe yana tari kafin ya sayi Yamaha ta hannu. Inna ta ce daren farko a ɗaki injin ya kwana, an lulluɓe shi da zanenta. Kafin wata ya ƙare ya kwance shi ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma ya mayar, don ya ce ba zai ɗauki rayukan mutane a kan abin da bai san cikinsa ba. Duk da haka bai taɓa fita ba filafili da gorar tuƙi a jirgi ba. Ya yi fito tsakanin Zamare da Rofiya, ya yi jigilar 'yan kasuwa zuwa Wara da Malale da ƙananan tungayen masunta.

A nan tarihinsa ya haɗu da namu. Iyayenmu a lokacin kowace ita kaɗai take fita saro kifi, ita kaɗai take ciniki da mai jirgi, a caje ta kuɗin kanta a caje ta na kowane kwando. Kafin ta dawo ribar ta tafi a ruwa. Baba ne ya ce wa Inna, me zai hana ku haɗu ku goma ku ɗauki shatar jirgi guda, ku raba kuɗin? Ya kuma yarda ya ɗauke su bashi, sai sun sayar su biya. Wajen lissafin kuɗin shata ne aka fara ajiye littafi, daga littafin aka shiga adashi, daga adashi aka kai ga rajista. Wannan ƙungiya da muke taƙama da ita yau, a cikin jirgi aka yi cikinta.

Jan layi

Duk wadda ta shiga jirgin Baba ta san jan layin nan. Da jan fenti ya ja shi a jikin jirgin ta waje, daga gaba har baya, kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori ƙasa da baki. Kowace shekara yana sabunta shi. Idan ana lodi, shi ba ya kallon fasinja, layin yake kallo. Ruwa na taɓa shi zai ɗaga hannu, shi ke nan, ko allura ba za ta ƙara shiga ba. Ba ya tashi idan ya san magariba za ta riske shi a ruwa. Idan kuma hadari ya haɗo daga gabas, musamman a farkon damina lokacin da iska ke zuwa ba sallama, sai ya ɗaure jirgi ya nemi inuwa ya zauna.

Gaskiya ɗaya ce, 'yan uwa, mu faɗe ta tunda shafin tarihi ne: mun yi ta faɗa da shi a kan layin nan. Mun ce masa matsoraci a bayan idonsa. Mun ga wasu jiragen sun yi lodi har ruwa na lasar bakinsu, sun je sun dawo lafiya, mu kuwa an bar mana kaya a gaɓa. Akwai ranakun da taka-tsantsan ɗinsa ya sa muka rasa kasuwa, kifi ya kwana ya farfashe, albasa ta sha rana. Asara ce ta gaske, ba mu manta ba. Wasunmu ma sun bar shi sun koma wa masu ɗaukar ko nawa ne.

Manyanmu suna tuna wata ranar jajibirin Sallah. An gama lodi, ruwa ya taɓa layi, saura kwando biyu na ɗaya daga cikin shugabanninmu, Allah Ya ji ƙanta. Ta ce, "Haba Malam, kwando biyu ne fa! Da me zan yi wa yara ɗinkin Sallah?" Ya ce, "Hajiya, ni ma ina so ki sa musu da hannunki." Ta ƙi haƙura. Sai ya juya ya ce wa babbar 'yarsa, wadda ita ma tana cikin tafiyar, "Ɗiyata, sauko da naki." Yarinya ta sauke kwandunanta tana hawaye, aka ɗora na Hajiya. Ba mu kai rabin hanya ba iska ta taso. Igiyar ruwa tana dukan jirgi tana watso mana, muna kwarfewa da kwanoni da ƙore, masu salati na yi, masu kiran sunan 'ya'yansu na yi. Tazarar nan da ya bari tsakanin layi da baki, ita Allah Ya sa ta zama sanadin fitarmu. Da muka taka ƙasa Hajiya ta durƙusa gabansa ta kasa magana. Daga ranar, in wata ta fara yi masa ƙorafin lodi, ita ke tsawatar mata.

A watan Mayun 2021 kowa ya san abin da ya faru kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, da jirgi maƙare da mutane ya nutse, rayuka masu yawa suka salwanta, cikinsu har da mata da ƙananan yara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lokacin Baba ya riga ya ajiye tuƙi. Da labari ya iso masa bai zargi kowa ba, bai ce ai na faɗa ba. Kwana biyu bai iya cin abinci ba. A na uku ya aiki jikansa ya sayo jan fenti, ya sa aka kai shi bakin ruwa, duk mai jirgin da ya yarda sai ya nuna masa inda zai ja nasa layin. Wasu sun karɓa, wasu sun yi dariya.

A cikin gida

Dokar nan ta dawowa kafin magariba, iyalinsa ne suka fi cin moriyarta. 'Ya'yansa sun ce ba su tashi sun ga ranar da aka ci tuwon dare ba shi ba, sai in tafiya ce ta kwana. Yana shigowa zai ajiye wa Inna kifin miya, ya zauna kan tabarma yara su hau shi. Inna takan ce ita kishiya ɗaya Allah Ya ba ta, ta katako, kuma ba ta da bakin yi mata gori tunda ita ke ciyar da gidan.

'Ya'yansa mata duk ya koya musu iyo da tuƙi tun suna ƙanana, da sassafe kafin gaɓa ta cika. An yi ta surutu a unguwa. Amsarsa ita ce ruwa ba ya tambaya mace ce ko namiji, kuma mata ne suka fi cika jirgi ranar kasuwa. Duk ya sa su makaranta, ta allo da ta boko. Da ɗaya daga cikinsu ta samu gurbin karatun aikin jinya kuɗi suka gagara, sai ya sayar da ƙaramin jirginsa na yawo, wanda ya sassaƙa da hannunsa, wanda ba ya bari kowa ya hau. Wanda ya san Baba ya san abin da ya bayar. Bai taɓa ambata mata ba, sai bayan rasuwarsa ta ji daga bakin Inna.

Lokacin Rigata kuwa, Baba yaro yake komawa. Da ƙuruciyarsa ya yi tseren jirgi, da girma ya zo sai ya koma gaɓa yana ihu yana gyara wa matasa riƙon filafili, ko sun ji ko ba su ji ba. Jikokinsa babu wanda bai sassaƙa wa ɗan jirgi ba, kuma kowanne da jan layinsa a jiki.

Da idonsa ya yi rauni, kullum bayan ya karya sai a riƙo hannunsa a kai shi bakin ruwa, ya zauna cikin tsohon jirginsa da ke ɗaure. Daga ƙarar inji yake gane jirgin wane ne ke tahowa, har ya ce a gaya masa fulogonsa ya kusa mutuwa. Mu kuma in mun zo wucewa sai mun tsaya gaisuwa. "Baba, ina kwana?" "Lafiya lau, 'yan nan. Kwando nawa yau?" In ka faɗa, sai ya tambayi jirgin wa za ki shiga.

Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ruwa, a kan gadonsa Allah Ya ɗauki ransa, bayan gajeriyar jinya, Inna na gefensa. Safiyar jana'izarsa matuƙan gaɓarmu ba su tayar da inji ba sai da aka dawo daga maƙabarta.

Abin da ya rage gare mu

Ƙasar nan da ke cikin kansa, wani sashe ya tafi da shi. Autansa da yaran da ya koya wa tuƙi sun riƙe abin da suka riƙe, amma waɗanda suka ga gungu da idonsu kafin 1968 saura ƙalilan, kuma kullum raguwa suke. Layin kuwa bai tafi da shi ba, yana hannunmu. Mu ne masu kaya, mu ne masu biyan kuɗin shata, kuma sau da yawa mu ne masu cewa "ɗan ƙara wannan, Allah zai kiyaye." Mai jirgi ba ya cika lodi shi kaɗai.

Saboda haka kwamiti zai gabatar da shawarwari a babban taronmu, muna roƙon kowa ta zo da ra'ayinta. Na farko, ƙungiya ta daina ɗaukar shatar duk jirgin da ba shi da alamar iyakar lodi, kuma a kowace tafiya a naɗa mace ɗaya mai duba layi, wadda in ta ce ya isa, ya isa. Na biyu, a cire wani abu daga asusun taimakon juna a sayi rigunan kariya daga nutsewa, manya da na yara, a riƙa ba da aronsu ranar kasuwa. Mun san kuɗi ne, mun san wasu za su ce rigar tana da zafi, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, wadda aka sauke wa kaya saboda layi, ƙungiya ta rage mata asara, don kada tsoron faɗuwa ya sa ta dage. Na huɗu, 'ya'yanmu masu waya su zauna da tsofaffin matuƙan da suka rage, su naɗi bayaninsu kan inda kututture da duwatsu suke, da sunayen gungunan da suka nutse, a ajiye a ofishinmu.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Inna, da 'ya'ya da jikoki, da dukkan matuƙan da suka tashi a hannunsa. Allah Ya ji ƙan Baba Mai Jirgi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ji ƙan duk waɗanda ruwan nan ya ci, Ya ba iyalansu haƙuri. Mu kuma Allah Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya dawo da mu ga 'ya'yanmu lafiya, Ya maimaita mana na baɗi. Amin summa amin.